Ayuba Kafinta Yana da Rai

Garki, Abuja

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, ya tsare ki a sama da ƙasa, ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba ki san kowa ba. Mamanki tana gaishe ki. Ita na bai wa takardar ta saka miki a aljihun jaka, na ce kada ki buɗe sai kin huta gajiya. Ba ta san abin da ke ciki ba, amma kafin ki karanta zan zaunar da ita in faɗa mata.

Za ki yi mamakin uban da yake gida ɗaya da 'yarsa amma sai ya rubuto mata wasiƙa. Sau biyu na kira ki falo don in yi miki maganar baki da baki. Na farko na ɓige da tambayar ko kin sayi rigar sanyi, na biyu kuma na yi miki dogon bayani a kan yadda ake adana fasfo. Bakina ne ya ƙi.

Ranar da takardar ɗaukarki ta zo, kin nuna mini abin da aka rubuta a samanta. An ce tsohon gwamnan wata jiha ta Amurka ne ya kafa shirin, yana kai matasan Najeriya su yi shekara guda suna koyon aiki a ofishin gwamna, don tunawa da abokinsa marigayi Ayuba Kafinta. Kika ce, "Baba, wane ne wannan Ayuba?" Na ce ban sani ba. Ƙarya na yi miki. Na san shi sarai, kuma ba marigayi ba ne. Yana nan da ransa a Uke, kan hanyar Keffi. Ni na kashe shi, da bakina, a cikin motar gwamnati, da rana tsaka. Abin da nake so ki yi shi ne ki sanar da tsohon gwamnan nan cewa abokinsa yana raye, tun kafin ɗayansu ya mutu da gaske.

Bari in fara da tsohon gwamnan, tunda a gidansa za a tarbe ku a makon farko. Kin san na yi aikina kaf a sashen tarbar baƙi na ma'aikatarmu. In babban baƙo zai zo, akan ba mu fayil ɗin tarihinsa mu haddace, don kada mu yi katoɓara a gabansa. Nasa har yau yana kaina. Ɗan wani makaniken motocin noma ne a ƙauyen da babu komai sai gonakin masara. Da ya gama jami'a sai ya taho Najeriya koyarwa, tun Abuja tana daji, aka tura shi wata makaranta kusa da Uke. Shekara biyu ya yi. Mutanen garin ba su iya faɗin sunansa ba, sai suka laƙaba masa Malam Dogo, ni ma haka zan kira shi a nan. Ayuba shi ne kafintan makarantar, sa'ansa ne, tare suke cin tuwo, shi ya koya masa Hausa. Wata rana maciji ya sari Dogo a bayan aji, Ayuba ya ɗora shi a keke ya tuƙa har asibitin Keffi.

Da ya koma gida ya karanta lauya, ya zama kansila a ƙaramin garinsu, ya nemi majalisar jiha ya sha ƙasa, ya sake nema ya ci. Daga nan ya yi ta hawa a hankali har ya zama gwamna. Yana kan kujerar ne ya jagoranci tawagar 'yan kasuwan jiharsa zuwa Abuja, ziyarar kwana uku, aka ce ni zan riƙa zama da shi a mota.

Kuskurena na farko ƙarami ne, kina iya yin dariya. A filin jirgi na ga dogon Bature yana rataye da jakarsa da kansa. Na zabura na kai hannu, ya ƙi saki. Na ja, ya ja. Ga 'yan jarida, ga Daraktanmu yana hararata ta gefen ido, ni kuma a ganina abin kunya ne a ɗauki hoton gwamna da kaya alhali ina tsaye. Sai ya sunkuyo ya ce mini da wata irin Hausa ta mutanen da, "Malam, hannuna yana da lafiya." Na saki jaka, kunya ta rufe ni. Ni kujerar nake yi wa hidima, ban ko dubi mutumin da ke kanta ba. Ke in kin shiga ofis, ki yi kwanaki kina kallo kafin ki fara nuna ƙwazo. Ki gane abin da mutum yake so da abin da ke damunsa. Abin da muke kira ladabi a nan, wani wurin takura ce, kuma ba wanda zai faɗa miki, sai dai ki ga ana kauce miki a hanya.

A mota ya yi mini hira sosai, yana cakuɗa Hausa da Turanci. Ya ce zaɓen farko da ya faɗi, takardu ya yi ta aikawa gidajen mutane yana zaune a ofis. A na biyu ya ɗauki ƙafa ya bi ƙofa-ƙofa, karnuka suka bi shi, wata tsohuwa ta sa ya gyara mata famfo kafin ta saurare shi. Da ya zama gwamna sai ya ware yini ɗaya a kowane wata, duk wanda ya ga dama ya shigo ya gan shi ba tare da an rubuta sunansa ba. Ya ce ma'aikatansa sun tsani wannan yini. Na yi murmushin ladabi. Da yamma muka yi ta dariyar abin ni da Darakta, yana cewa a gwada haka a Abuja a gani, layi zai kai Mararaba.

Yanzu ga babbar maganar. Makonni kafin zuwansa, ofishinsa ya aiko da jerin abubuwan da za a yi. Duk na gwamnati ne ban da ɗaya a can ƙasa: gwamna yana roƙon a nemo masa Ayuba, kafinta, mutumin Uke. Darakta ya ja layi da jan biro, ya rubuta sunana a gefe. Na buga waya ƙaramar hukuma sau ɗaya, ba a ɗauka ba. Na ce gobe. Ga maganar otal, ga motoci, ga rigimar wa zai zauna kusa da wa a liyafa, wadda ita kaɗai ta ci mini kwana huɗu. Takardar ta nutse a ƙarƙashin wasu. Uke ba nisa gare ta ba, Ummi. Da na tashi da safe, da kafin azahar na je na dawo. Amma a raina na riga na yanke cewa kafintan ƙauye ba ya cikin manyan abubuwa.

A rana ta biyu muna hanyar ma'aikata, Darakta yana gaba, ni ina baya tare da baƙo, sai Malam Dogo ya juyo da fara'a ya ce, "To, ina abokina Ayuba? Yaushe zan gan shi?"

Darakta ya waiwayo ya zuba mini ido. 

A aikinmu akwai amsoshi uku da muke ba manya in an nemi mutum ba mu kawo shi ba. Ko mu ce yana hanya, ko mu ce ya yi tafiya, ko mu ce ya rasu. Ta farko tana saya maka awa biyu. Ta biyu tana saya maka kwana biyu, amma ana iya cewa a bi shi. Ta uku ita ke rufe fayil, ba mai sake tambaya. Ba wanda ya koya mini wannan a aji, a bakin na gaba da ni na tsinta, kuma ban taɓa amfani da ta ukun ba sai ran nan. Na sunkuyar da kai na ce, "Ranka ya daɗe, mun bincika. Allah ya yi masa rasuwa."

Malam Dogo ya kau da kai. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu, yana kallon waje. Can ya ce, "Iyalinsa fa?" Na ce sun tashi daga garin, ba a san inda suka koma ba. Kin ga ƙarya ɗaya ta haifi ta biyu tun ba mu kai shataletale ba. Da muka sauka Darakta ya dafa kafaɗata ya ce a hankali, "Ka iya aiki." Shi ma ya san ba inda na je.

Ki ji ni da kyau a nan. Ranar da babba zai tambaye ki abin da ba ki yi ba tana nan zuwa, ba makawa. Ki ce, "Ban yi ba, laifina ne, ga lokacin da zan gama." Za ki ji kamar ƙasa ta tsage ki shige, amma na minti biyar ne. Da na faɗi haka a motar nan, iyakaci Darakta ya wanke ni tas a ofis, a tura direba Uke, kafin magariba tsofaffin abokai suna zaune suna shan shayi. Tsoron faɗan yini ɗaya ya sa na ɗauko abin da na yi shekara da shekaru ina dako.

A liyafar bankwana, bayan ya gama jawabin kasuwanci, sai ya ajiye takarda ya ba da labarin maciji da keke. Ya ce ba don wani kafinta ba, da jiharsu ba ta taɓa jin sunansa ba. Ya roƙi a miƙe a yi shiru na minti ɗaya. Manya duka suka miƙe, masu babbar riga da masu kwat. Ni ma na miƙe, hannuna a ƙirji. Ban taɓa sanin minti ɗaya yana da tsawo haka ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne rediyo. An ba da labarin a sashen Hausa, har da sunan Ayuba da na garinsu. Kwana biyu da tashin baƙo, mai gadi ya leƙo ofishina ya ce wani mutum yana ƙofa tun safe, ya ƙi tafiya. Aka shigo da shi. Gajere ne kakkaura, ya sa rigarsa ta zuwa coci, yatsunsa duk tabon aiki. Ya cire hula ya ce, "Sannu Oga. Ni ne wanda ya mutu."

Ya ce mutane sun yi ta zuwa gidansa gaisuwar mutuwa suna tarar da shi yana feƙe ƙafar kujera. Wata ƙanwarsa ta taso tun daga Akwanga tana kuka. Yana faɗa yana dariya, ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga. Bai zage ni ba, bai ma tambayi wanda ya yi wannan aika-aika ba. Abu ɗaya ya roƙa. "Oga, a rubuta wa Dogo a gaya masa ina nan. Kar ya zauna da baƙin ciki a banza." Na ce kuskure aka samu wajen bincike, kuma a makon nan zan rubuta. Na sa aka kawo masa lemo, na raka shi har bakin ƙofa.

Ban rubuta ba. Wasiƙa irin wannan sai ta bi ta teburin Darakta, ta shiga fayil, kuma a shekarar ake duba ƙarin girmana. Na ce bari a wuce wannan. Da aka wuce sai na ce ai an makara, me zan ce ya hana ni tun farko? Wannan shi ne kuskuren da ya fi muni, don na farkon a firgice na yi shi, wannan kuwa da hankalina, kowace safiya ina sabunta shi. Ki kiyayi kalmar "bari a wuce". In kin ɓata abu, ranar ita ce rana mafi sauƙin gyara, gobe ta fi ta wuya. Kuma in ƙaramin mutum ya roƙe ki abu kika ce to, ki ɗauke shi da nauyin alkawarin da kika yi wa gwamna. Gwamna yana da masu tuna miki. Shi kuwa ba shi da kowa sai amanarki.

Na ci gaba da bin labarin Malam Dogo daga nesa, kamar mai leƙen gidan da ya yi wa ɓarna. Ya haɗe wasu ƙananan makarantun ƙauye wuri guda don a samu malamai isassu, manoma suka fusata saboda 'ya'yansu sun koma doguwar tafiya, suka kayar da shi a zaɓe na gaba. Ya fito ya taya wanda ya ci murna, ya ce ya ji saƙon jama'a, ya tuƙa motarsa da kansa ya koma garinsu. Daga baya ya amsa a fili cewa ya yi gaggawa, bai je ya zauna da iyayen yaran ba kafin ya sa hannu. Na karanta wannan a ofis na rufe kwamfuta. Mutum ya amsa laifinsa a gaban jiha guda, ni na kasa amsa nawa a takarda ɗaya.

Akwai kuma wanda na yi miki ke kanki, shi ma sai na faɗa. Kina 'yar shekara shida ko bakwai, in 'yan garinmu masu neman aiki suka buga ƙofa ranar Asabar, ke nake turawa ki ce Baba ba ya nan. Ran nan kika dawo da gudu kina murna, kika ce, "Baba, na ce ba ka nan, kuma sun yarda!" Na shafa kanki na ce kin yi ƙoƙari. Mamanki ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana mai daɗi ba, kuma ita ke da gaskiya. Aikin ofis na kwaso na kawo gida na ɗora wa yarinya. Ki yafe mini. Inda za ki, wataƙila a zaunar da ke a teburin da ke tsakanin jama'a da gwamna. Kina iya cewa ba zai samu ganinku yau ba. Kina iya cewa ba ni da ikon shigar da ku. Amma kada ki ce ba ya nan alhali yana nan, ko wa ya sa ki.

Ban san Malam Dogo ya kafa shiri da sunan Ayuba ba sai da takardarki ta zo. Ke kika nema da kanki, kika yi jarrabawa, kika ci da guminki, ban sa miki hannu ba, kuma ina alfahari da ke fiye da yadda na nuna. Amma da na ga sunan nan na gane abin da ke tafe. Na san za a zaunar da ku a falonsa, tsoho ya ba ku labarin abokinsa da ya mutu bai samu ganinsa ba, ke kuma ki yi ta gyaɗa kai cikin tausayi, 'yar wanda ya shirya abin.

Za ki ce me ya hana in rubuta masa da kaina yanzu da na yi ritaya. Na rubuta, sau biyu, ta imel ɗin ofishin shirin. Amsa ɗaya ta zo, ana gode mini da sha'awar da na nuna. Ban ji haushi ba. Na san irin wanda ya karanta, ɗan'uwana ne a sana'a. Ya ga wani daga Najeriya yana cewa mamaci ya tashi, ya ɗauka damfara ce, ya rufe fayil. Ni ma da haka zan yi. Shi ya sa sai hannu da hannu. A cikin ambulan ɗin nan akwai wata takarda da na rubuta da Turanci, da sunana da sa hannuna, na faɗi komai yadda ya faru, da hoton da muka ɗauka da Ayuba da lambar wayar 'yarsa. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki ce, "Mahaifina ne ya zauna da kai a mota a Abuja, ya ce in ba ka wannan." Kada ki ba sakatare, kada ki ba mai tsaron ƙofa, kome kirkinsu.

Ranar Talatar da ta wuce, da na ce muku zan je duba wani fili, Uke na je. Na sha cunkoson Mararaba, na yi tambaya wajen masu gasa kifi a bakin titi, nan da nan aka nuna mini gidan. Har yau wasu a garin Marigayi suke kiransa, yana amsawa. Ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun yi hazo, ya daina aiki. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne na ma'aikata, wanda ya ce zai rubuta." Ya ce ya gane muryar. Na faɗa masa ba kuskuren bincike ba ne, ni na ƙirƙira, kuma ban taɓa rubutawa ba.  Sannan ya ce, "Na sani, Alhaji. Na yi ta zuwa gidan waya kusan shekara biyu. Daga baya na ce ko Dogo ne bai so amsawa."

Wannan ta fi komai yi mini ciwo. Ashe ban tsaya ga kashe shi a wurin abokinsa ba, har na sa shi zargin abokin.

Na ba shi labarin shirin da aka sa wa sunansa, da yadda kika samu shiga. Ya yi dariya har da tari, ya kira 'yarsa ta zo ta ji, wai sunansa ya je Amurka ya bar shi a Uke. Sai kuma ya natsu ya ce, "To tsaya. In yarinyan ka ya kai wannan magana, ba za su kore shi ba?" Na ce ban sani ba, Baba. Gaskiyar ke nan, ke ma ita zan faɗa miki. Ina kyautata zaton mutumin da na zauna da shi a mota ba zai hukunta 'ya da laifin uba ba, amma ba ni da tabbas, kuma ko ba a ce miki komai ba, za ki yi shekara ana kallonki da wannan.

Sai ya ce, "In haka ne a bar ni a mace tukuna. Shekara ɗaya ne. In ya gama karatun sai a tashe ni."

Ummi, na yi kuka a gaban mutumin nan, ban ji kunyar 'yarsa ba. Ya ba ki izinin yin shiru, kuma da zuciya ɗaya ya bayar. Ba zan ɓoye miki wannan ba, don haƙƙinki ne ki sani kafin ki yanke shawara. Amma ni na ga yadda tsufa ya ci ƙarfinsa, kuma Dogo ma ya haura tamanin. Shekara ɗayan da yake kyauta da ita, ba shi da tabbacin tasa ce. Na san nauyin da na ɗora miki ba naki ba ne, kuma ba daidai ba ne uba ya aiki 'yarsa ta kwashe abin da ya zubar. In kin ga ba za ki iya ba, ba zan riƙe ki a zuciya ba ko kaɗan. In kuwa za ki iya, to a makon farko, ranar da za ku je gidansa.

Allah ya tsare mini ke, ya kare mutuncinki da addininki, ya ba ki sa'ar abin da kika je nema, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya sa ki fi ubanki ƙarfin zuciya. Ki riƙa kiran mamanki ko da ba ki da labari. In kin ba shi takardar ya ce zai kira, ki gaya masa ranar Lahadi bayan an taso coci ya fi, lokacin 'yar tana gida da wayar. Kuma ya ɗaga murya sosai, ya fara da faɗin sunansa na Dogo, don Baba Ayuba ya ce ba zai yarda ba sai ya ji da kunnensa.

Wassalam,
Babanki